Wane Ne Jarumin Labarin Zobe? Nazari Kan Muhawarar Masu Karatun Tolkien

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da aka ba ƙagaggen labari ya yi nazari, tambayar da takan biyo bayan ta jigo ita ce: wane ne babban tauraro? A yawancin littattafan da ake karantarwa a makarantun ƙasar Hausa amsar ba ta da wuya. Alhaji Imam ne ya fita neman ruwan Bagaja, shi ya sha wahalar tafiya, shi kuma ya komo da ruwan. Ganɗoki shi ke ba da labarin yaƙe-yaƙensa, sunansa ne ma sunan littafin. Amma akwai littattafan da wannan tambaya ta zame wa masu karatunsu ƙarfen ƙafa.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba ɗaya daga cikin irin waɗannan littattafai, watau The Lord of the Rings na marubucin Ingila J. R. R. Tolkien, wanda masu sha'awarsa suka yi kimanin shekara 70 suna jayayya a kan taurarinsa. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa jayayyar ta samo tushe ne daga yadda aka gina labarin. Ayyukan da aka saba ɗora wa jarumi guda an rarraba su tsakanin taurari huɗu, sa'an nan an bar waɗansu gurabe ba a cike ba, kuma ko maganar marubucin kansa ba ta isa ta raba gardamar ba.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Tolkien a 1892 a garin Bloemfontein, cikin ƙasar da yanzu ake kira Afirka ta Kudu, amma a Ingila ya tashi. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har ya halarci gumurzun Somme a Faransa cikin 1916. Daga 1925 zuwa 1959 ya riƙe kujerar farfesa a Jami'ar Oksfod, inda ya koyar da tsohon Turanci da adabinsa. Ya mutu a 1973.

A 1937 ya fitar da The Hobbit, littafin da ya yi domin yara. Da kamfanin ɗab'i na George Allen and Unwin ya ga littafin ya karɓu, sai ya nemi a yi masa ci gaba. Wannan ci gaba ya ci wa marubucin shekara 12, kuma abin da ya fito daga ƙarshe labari ne na manya, mai tsawon gaske, wanda aka buga kashi uku tsakanin 1954 da 1955.

Ga taƙaitaccen labarin. Wani azzalumin sarki mai suna Sauron ya ƙera zobe ya zuba yawancin ƙarfinsa a ciki, domin ya mallake sauran zobba na mulki da masu riƙe da su. Aka raba shi da zoben a yaƙi, zoben ya ɓace, ya faɗa hannun wata halitta da ake kira Gollum, wanda ya riƙe shi kusan shekara 500. Daga nan ya shiga hannun Bilbo, daga Bilbo kuma sai magajinsa Frodo. Waɗannan biyu 'yan wata al'umma ce ta gajerun mutane da ake kira Hobbit, manoma ne masu son zaman lafiya, ba su san yaƙi ba. Zoben kuwa yana ɓata zuciyar duk wanda ya riƙe shi, komai kyan niyyarsa, ba kuma abin da zai narkar da shi sai wutar dutsen da aka ƙera shi a ciki, can tsakiyar ƙasar Sauron. Saboda haka aka haɗa ayari na mutum tara, Frodo na ɗauke da zoben, domin a kai shi a jefa.

Tun daga nan za a lura da wani bambanci. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, da kuma a tatsuniyoyi masu yawa, jarumi yakan fita ne neman abin da babu shi a gida, nasararsa kuma ita ce ya komo da shi. A labarin zobe kuwa, abin yana hannu tun farko, tafiyar ta rabuwa da shi ce. Ke nan ma'aunin da aka saba da shi, watau a tambayi wanda ya kawo abin da aka je nema, ba zai yi aiki a nan ba.

3.0 Masu Karatu da Ƙungiyoyinsu

Saɓani a kan littafin ya fara ne tun daga manyan masu sharhi. A 1956 Edmund Wilson na Amurka ya yi masa kaca-kaca, yana ganin labarin yara ne wanda ya wuce gona da iri, taurarinsa kuma ba su da zurfi. A wannan shekara ce mawaƙi W. H. Auden ya yaba masa, ya kuma lura cewa mutane sun kasu biyu a kansa, masu ganin ya kai matuƙa da waɗanda ko buɗe shi ba su son yi.

Abin da ya mai da littafin na jama'a shi ne bugu mai araha da ya fito a Amurka a 1965, wanda ɗaliban jami'a suka yi rububinsa. A wannan shekara aka kafa ƙungiyar masu sha'awar Tolkien ta Amurka, a 1967 aka kafa ƙungiyar Mythopoeic, a 1969 kuma aka kafa ta Ingila, wadda tun 1974 take shirya taron shekara-shekara a Oksfod. Waɗannan ƙungiyoyi suna da mujallu, irin su Mythlore da Mallorn, inda malamin jami'a da wanda bai taɓa nazarin adabi a aji ba suke kawo hujjoji kafaɗa da kafaɗa. Finafinan da Peter Jackson ya shirya daga littafin, waɗanda suka fito tsakanin 2001 da 2003, sun ƙara jawo ɗimbin sababbin masu karatu cikin muhawarar. Duk da yawan batutuwan da ake tattaunawa, akwai guda da ba a rabuwa da shi, shi ne na jarumin labarin.

4.0 Rabon Jarumta

Idan aka dubi jarumin gargajiya za a ga yakan haɗa abubuwa huɗu: shi ke ɗaukar nauyin aikin, shi ke jure wahalar hanya, shi ke cika aikin da hannunsa, shi ke kuma samun sarauta ko ɗiyar sarki a ƙarshe. Tolkien ya ɗauki waɗannan abubuwa ya ba kowanne ga tauraro dabam.

4.1 Frodo

Frodo ne ya ɗauki nauyin, da son ransa, a gaban taron manya waɗanda duk suka fi shi ƙarfi da sani. Ya kai zoben har bakin wutar, bayan an soke shi da wuƙa, wani ƙaton gizo-gizo ya harbe shi, ga yunwa ga ƙishirwa. Amma da ya isa wurin sai ya ƙi jefawa. Ya ce zoben nasa ne, ya sa shi a yatsa.

Wannan wuri shi ne cibiyar gardamar. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1956 Tolkien ya ambata cewa wani mai karatu ya aiko masa da takarda cikin fushi, yana cewa kamata ya yi a kashe Frodo a matsayin maci amana maimakon a girmama shi. Masu kare Frodo kuwa suna kawo hujja daga cikin littafin. Gandalf, dattijon da ya fi kowa hikima a ayarin, ya ƙi ko karɓar zoben don tsoron abin da zai mai da shi. Boromir, babban mayaƙi, ganin zoben kawai ya sa ya far wa abokin tafiyarsa. Idan haka zoben yake yi wa manya daga nesa, in ji su, ba adalci ba ne a zargi wanda ya rataya shi a wuya wata da watanni har zuwa wurin da ƙarfinsa ya fi tsanani. Tolkien ma wannan ra'ayi ya bi a wata wasiƙa ta 1963, inda ya nuna cewa an ɗora wa Frodo abin da ya fi ƙarfin kowane mai rai, don haka kasawarsa ba laifi ba ce.

4.2 Sam

Sam mai kula da lambun gidan Frodo ne, a matsayin bara ya bi shi. Shi ke dafa abinci, shi ke tattalin ruwa, shi ya kori gizo-gizon nan, shi ya shiga hasumiyar abokan gaba shi kaɗai ya fito da ubangidansa. Ya riƙe zoben na ɗan lokaci sa'ad da ya zaci Frodo ya mutu, sa'an nan ya mayar da shi. Da ƙafafun Frodo suka gaza a gindin dutsen, goya shi ya yi ya hau da shi. Bugu da ƙari, da komowar Sam gida wajen matarsa da 'yarsa aka rufe labarin, daga baya kuma aka zaɓe shi magajin gari har sau bakwai, alhali Frodo bai sake samun lafiya ba, sai da ya bar ƙasar baki ɗaya.

Masu goyon bayan Sam suna da wata hujja daga wajen littafin. A doguwar wasiƙar da Tolkien ya rubuta a 1951 yana bayyana wa wani mai ɗab'i aikinsa, akwai jimlar da yawancin manazarta suka fahimta da cewa Sam ya kira babban jarumin. An kuma ruwaito daga gare shi cewa ya ɗauko halayen Sam ne daga ƙananan sojoji da masu yi wa hafsoshi hidima waɗanda ya sani a fagen yaƙi, waɗanda yake ganin sun fi shi nesa ba kusa ba.

Sai dai masu ja da wannan ra'ayi suna tunatarwa cewa kwana biyu kacal Sam ya riƙe zoben, kuma yana da wani aibi wanda za a zo kansa nan gaba kaɗan.

4.3 Aragorn

Aragorn shi ne ya fi kama da jarumin da aka saba gani. Jikan sarakuna ne wanda ya tashi a ɓoye, ya yi yawon daji shekara da shekaru, ya ci yaƙi, ya hau gadon kakanninsa, ya auri wadda yake so. Da a ce a tatsuniya ne, da ba wanda zai yi gardama a kansa. Amma marubucin ya rage masa matsayi ta hanyoyi biyu. Na farko, mafi yawan labarin soyayyarsa an tura shi cikin rataye a ƙarshen littafi. Na biyu, babban aikinsa na ƙarshe, watau fita da rundunar mutum 7,000 zuwa ƙofar ƙasar Sauron, dabara ce kawai ta janye hankalin abokin gaba daga kan mutum biyu da ke rarrafe a kan dutse. Sarki ya zama mai yi wa manomi da baransa rufa-ido. Wannan juyi na matsayi yana cikin abubuwan da suka fi jan hankalin masu karatu.

4.4 Gollum

Wanda ya cika aikin da hannunsa shi ne wanda ba a taɓa zato ba. Da Frodo ya sa zoben, Gollum ya far masa, ya cije yatsan ya gutsure, ya shiga rawar murna, ƙafarsa ta zame, ya faɗa wutar tare da zoben. Ba wanda zai kira Gollum jarumi, domin ya yi kisan kai tun ranar da ya fara ganin zoben, kuma ba don ceton kowa ya faɗa ba. Tambayar da ake yi ita ce: me ya sa yana raye har ya kai wannan wuri?

Amsar tana warwatse cikin labarin. Bilbo ya sami damar kashe shi ya ƙyale shi. Frodo ya kama shi ya ji tausayinsa, daga baya kuma ya roƙi Faramir, ƙanen Boromir, kada a harbe shi. Sam kansa, wanda ya fi kowa ƙinsa, ya ɗaga takobi a kansa a gefen dutsen, sa'an nan ya fasa. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya bi abin da hankali ya nuna a lokacin, da zoben ya koma hannun mai shi. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma ana iya cewa a kan wannan ma'ana aka ɗora ƙarshen labarin.

A nan ne kuma aibin Sam ya fito. Akwai wurin da Gollum ya komo ya tarar da su biyu suna barci, zuciyarsa ta yi laushi, ya miƙa hannu ya taɓa gwiwar Frodo a hankali. Sam ya farka ya yi masa magana mai zafi, nan take laushin ya gushe, ya ci gaba da shirin cin amanarsu. A wasiƙar nan ta 1963 Tolkien ya nuna cewa a wurinsa wannan ne wuri mafi ban tausayi a labarin. Amincin da ake yabon Sam da shi, shi ne ya rufe masa ido daga ganin tuban da ya fara tsirowa. Saboda haka har yau ake tambaya ko Gollum zai iya shiryuwa da an kyautata masa a wannan lokaci, tambayar da littafin bai amsa ba.

5.0 Guraben da Aka Bari

Baya ga batun jarumi, akwai ƙananan gardandami da suka taso daga wuraren da marubucin ya yi shiru. Za a kawo uku.

Na farko shi ne Tom Bombadil, wani dattijo mai yawan waƙa da matafiyan suka sauka gidansa. Ya sa zoben bai ɓace ba, alhali duk wani mutum da ya sa shi ɓacewa yake yi, sa'an nan ya mayar da shi kamar abin wasa. Ba a faɗi ko shi wane ne ba. A wata wasiƙa ta 1954 Tolkien ya ce da gangan ya bar shi haka, domin ya kamata kowane labari irin wannan ya kasance da abin da ba a warware ba. Finafinan Jackson sun cire shi ɗungurungum, abin da ya haifar da wata sabuwar gardama a kan ko yana da amfani ga zubin labarin.

Na biyu ya fi shafar masu nazarin harshe. Akwai wani dodo na wuta da inuwa da ake kira Balrog, wanda Gandalf ya tare a kan wata gada. Da farko an kamanta inuwar da ke kewaye da shi da manyan fikafikai biyu. Bayan 'yan layuka sai aka ambaci fikafikansa kai tsaye, ba tare da kalmar kamantawa ba. Wani ɓangare na masu karatu na cewa ambato na biyu ya tabbatar da fikafikai na zahiri. Ɗaya ɓangaren na cewa kamantawar farko ce ta rikiɗe ta zama siffantawa, suna kuma ƙarawa da cewa da gadar ta karye dodon faɗawa ya yi, bai tashi sama ba. Duk malamin da ke neman misalin da zai nuna wa ɗalibai yadda rashin kalma ɗaya irin "kamar" ke sauya fahimta, da wuya ya sami wanda ya fi wannan.

Na uku shi ne batun manyan mikiyoyin da suka ɗauko Frodo da Sam bayan zoben ya narke. Ana tambaya: me ya hana tun farko a hau su a kai zoben? Masu ba da amsa sukan ce aikin na sirri ne, kuma Sauron yana da nasa masu tashi sama. Shi kuwa Tolkien, da yake sharhi a 1958 kan wani tsarin fim da aka kawo masa, ya yi gargaɗi cewa mikiyoyin dabara ce mai haɗari a labari, wadda in aka yawaita ta sai labarin ya rasa armashinsa.

6.0 Matsayin Maganar Marubuci

Za a lura cewa a kusan kowace gardama an kawo wasiƙun Tolkien, waɗanda Humphrey Carpenter ya tattara aka buga a 1981. Mai karatu zai iya zaton fitowarsu ta kashe maganar. Ba haka abin ya kasance ba, saboda dalilai uku.

Na farko, marubucin kansa yakan sauya ra'ayi. A bugun The Hobbit na 1937, Gollum da kansa ya sa zoben a matsayin ladan gasar kacici-kacici da ya yi da Bilbo. Da aka gane irin riƙon da zoben ke yi wa zuciya a sabon littafin, sai aka sake rubuta wannan babi a bugun 1951. Littattafai 12 na rubuce-rubucen da ya bari, waɗanda ɗansa Christopher ya fitar tsakanin 1983 da 1996, cike suke da irin waɗannan sauye-sauye.

Na biyu, Tolkien ya gabatar da kansa ne a matsayin mai fassara wani tsohon kundi wanda Bilbo ya fara, Frodo ya ci gaba, Sam ya ƙarasa. Har ma aka bayyana saɓanin bugun 1937 da cewa Bilbo ne ya yi ƙarya a ruwayarsa ta farko. Da zarar an yarda cewa mai ruwaya na iya karkata, to, an buɗe ƙofar tambaya: shin yawan yabon Sam da ke cikin labarin ba daga tawali'un Frodo ya fito ba, tun da shi ne ya rubuta mafi yawansa?

Na uku, a gabatarwar bugu na biyu ta 1965, sa'ad da yake musanta masu fassara labarin da Yaƙin Duniya na Biyu, Tolkien ya bambanta labarin da marubuci ke ɗaure kowane abu a cikinsa da ma'ana guda, da labarin da ke barin mai karatu ya ɗauki abin da ya dace da rayuwarsa. Ya ce na biyun ya fi so. Wanda ya ba mai karatu wannan 'yanci a gabatarwa, ba zai iya ƙwace shi a wasiƙa ba.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa kowane ɓangare na masu gardama yana riƙe da ma'auni dabam. Mai auna jarumta da nauyin da aka ɗauka zai zaɓi Frodo. Mai auna ta da juriya da aminci zai zaɓi Sam. Mai duban asali da sakamako zai zaɓi Aragorn. Wanda kuwa ya nace sai an nuna masa hannun da ya cika aikin, zai tarar da kansa a gaban Gollum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma an tsara labarin yadda in aka zare ɗaya daga cikin huɗun, aikin ba zai kammalu ba.

Darasin da ke nan ga masu koyar da adabi shi ne, kafin a nemi ɗalibi ya fitar da babban tauraro, ya kamata a nemi ya faɗi ma'aunin da zai yi aiki da shi, ya kuma kare shi da hujja daga matani. Wannan ya shafi littattafan Hausa ma. Alhaji Imam ne ya kawo ruwan Bagaja, amma mai karatu da yawa Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya fi tunawa. A Magana Jari Ce kuma, aku ne ya tsare ɗan sarki da baki kawai, alhali mayaƙa suna can fagen fama. Idan aka sa ɗalibai su tattauna waɗannan wurare da irin natsuwar da masu karatun Tolkien ke bin nasu littafi layi-layi, za a ga amsoshin da aka daɗe ana haddacewa suna bukatar sabon dubawa.